Ƙiyasin Hurumin Na'urar Wi-Fi a Cikin Gini: Misali Daga Gidaje da Shagunan Amarawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake ƙiyasta iyakar wurin da na'urar Wi-Fi ke iya kai sigina a cikin gini, inda aka ɗauki gidaje da shagunan Amarawa ta ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato a matsayin fagen misali. An bayyana ma'aunin da ake amfani da shi, da yadda sigina ke raunana a sarari, da kason da kowace katanga ke cirewa daga ƙarfinsa. An nuna cewa fitattun jadawalan da masana suka tanada sun ginu ne a kan gine-ginen wasu ƙasashe, kuma ba su ƙunshi katangar ƙasa ko tsarin gidan Bahaushe ba. Saboda haka ƙiyasin da za a dogara da shi a irin wannan wuri sai ya haɗa lissafi da awo a ginin kansa, a rani da kuma damina.

1.0 Gabatarwa

Amarawa tana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa da Illela ta nufi Birnin Ƙonni ta jihar Tawa. Sanannen abu ne a garuruwan kan iyaka wayar mutum ta kamo sabis na ƙasar da ke tsallake alhali yana zaune a ƙofar gidansa, domin igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen jami'ai. Sai dai wannan igiya da ke tsallake iyakar ƙasa da ƙasa takan gaza tsallake katanga biyu a cikin gida ɗaya. Mai shago zai sayi na'urar Wi-Fi da aka ce masa tana kai mita ɗari, ya kafa ta a shagonsa da ke jikin zaure, amma a ɗakin da ke can cikin gida, wanda bai wuce taku ashirin ba, a rasa sabis.

Al'amarin ya wuce na jin daɗi kawai. Tun daga shekarar 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma hada-hadar kuɗi da cike takardun hukuma da tuntuɓar abokan ciniki duk sun jingina da intanet. Makaranta ko asibitin sha-ka-tafi ko shagon da ya yi kuskuren ƙiyasi, ko dai ya sayi na'urori fiye da bukata, ko ya bar ɗakunan da aikin yake ba sabis. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda ake yin ƙiyasin, cikin harshen da wanda ba injiniya ba zai iya bi.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Na'urar da ke karɓar intanet ta waya ko ta layin sadarwa ta watsa shi ta iska ita ce a nan aka kira "mashiga", domin ta nan wayoyi da kwamfutoci ke shiga tsarin sadarwar. A kasuwa akan kira ta rauta, kodayake rautar gida ta haɗa aikin mashiga da wasu ayyuka. Faɗin wurin da siginar mashiga ke kai wa da ƙarfin da zai yi aiki shi ne aka kira "hurumi", aro daga hurumin gari, wato filin da ke ƙarƙashin ikonsa.

Tsarin Wi-Fi ya samo asali ne daga ƙa'idar IEEE 802.11 da aka fitar a 1997, aka kuma faɗaɗa ta a 1999 da 2003 da 2009 da bayan nan. Mafi yawan na'urori suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Igiyar zangon farko tana kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon kowace kaɗawa ya kai santimita 12.5, ta zango na biyu tsawonta kimanin santimita 6 ne.

Ana auna ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina da desibel, wanda ake taƙaitawa da dB. Ƙa'idoji biyu sun wadatar a nan: raguwar desibel 3 na nufin ƙarfin ya koma rabi, raguwar desibel 10 kuwa na nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Amfanin wannan ma'auni shi ne ana tara asarori ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake tara kuɗi. Shi kuwa ƙarfin sigina kansa ana rubuta shi da dBm, inda sifili ke daidai da miliwat ɗaya. Mashigar da ke fitar da miliwat 100 tana kan 20 dBm. Wayar da ke karɓar -67 dBm kuwa tana samun kimanin kashi ɗaya cikin miliyan biyar na miliwat ɗaya, kuma duk da ƙanƙantarsa wannan adadi shi ne aka saba ɗauka a matsayin mafi ƙarancin ƙarfin da kiran murya da na bidiyo ke tafiya da shi ba yankewa.

3.0 Raunanar Sigina a Sarari

Ko da babu abin da ya tare hanya, sigina na raguwa saboda yana bazuwa a fili mai ƙara faɗi, kamar yadda hasken fitila ke dushewa da nisa. Harald Friis na cibiyar binciken Bell da ke Amurka ne ya tsara lissafin wannan raguwa a 1946. Abin da lissafin ya bayar mai sauƙin riƙewa ne. A zangon gigahaz 2.4, mita ta farko daga mashiga tana cin kimanin desibel 40, daga nan kuma duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu sai a ƙara desibel 6. Ke nan asarar takan kasance kamar haka:

Mita 1: desibel 40
Mita 2: desibel 46
Mita 4: desibel 52
Mita 8: desibel 58
Mita 16: desibel 64
Mita 32: desibel 70
Mita 64: desibel 76

A zangon gigahaz 5 mita ta farko tana cin kusan desibel 47, don haka sai a ƙara 7 a kan kowane adadi na sama. Wannan ne ya sa zangon gigahaz 5, duk da saurinsa da ƙarancin cunkosonsa, huruminsa bai kai na ɗan'uwansa ba.

4.0 Guzurin Sigina

Ana iya kallon sigina a matsayin matafiyi mai guzuri ƙayyadadde. Idan ya tashi da 20 dBm kuma ana son ya isa da -67 dBm, guzurinsa desibel 87 ne. Ba a kashe wannan adadi duka a lissafi, domin a cikin ɗaki igiyoyi na karo da bango da rufi su dawo su gauraya, ta yadda matsar da waya da 'yan santimitoci kan sauya ƙarfin da take samu, ga kuma jikin mai riƙe da ita. Saboda haka akan ware kimanin desibel 10 a matsayin ajiya, sai 77 su rage.

Idan aka duba jerin da ke sama, desibel 77 za su kai sigina kimanin mita 70 a filin Allah. Irin wannan yanayi, ko ma wanda ya fi shi sassauci, shi ne tushen manyan adadin da ake faɗa wa mai saye. A cikin gini kuwa akwai hanyoyi biyu na gyara lissafin.

Hanya ta farko ita ce ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, a shawararta mai lamba P.1238 wadda aka fara fitarwa a 1997. Ita ba ta ƙirga katangu ɗaya-ɗaya, sai dai ta tsananta raguwar gaba ɗaya: a ginin ofis, a kusa da gigahaz 2, kowane ninki na nisa yana cin kimanin desibel 9 maimakon 6. Da wannan lissafi, desibel 37 da suka rage bayan mita ta farko za su ƙare a wajen mita 17.

Hanya ta biyu ita ce ta shirin binciken Turai mai suna COST 231, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 1999. Ita tana barin raguwar sarari yadda take, sannan ta cire wa kowace katangar da ke kan miƙaƙƙen layi tsakanin mashiga da waya nata kaso. A zangon megahaz 1800, shirin ya ba katanga mara nauyi desibel 3.4, katanga mai nauyi ta kankare ko tubalin wuta desibel 6.9, dakalin bene kuwa desibel 18.3. Idan aka ɗauki katangar bulo a kan desibel 7, katanga ɗaya za ta rage guzuri zuwa 70, wato mita 32. Biyu su rage shi zuwa 63, wato kimanin mita 14. Uku kuwa su bar 56, wato kimanin mita 6. Kowace katanga ke nan tana yanke fiye da rabin nisan da ya saura. Wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da gidajen ƙasar Hausa, domin a cikinsu katangu sun bambanta ƙwarai, kuma sarari da ɗaki suna bin juna.

5.0 Ginin Hausa da Jadawalan Ƙetare

Adadin da aka ambata sun fito ne daga awon da aka yi a ofisoshi da gidajen ƙasashen da ake raba ɗakuna da allon filasta ko katako. Haka ma shawarar ITU mai lamba P.2040, wadda ta fara fitowa a 2013 domin bayanin tasirin kayan gini a kan igiyar rediyo, ta jera kankare da tubalin wuta da allon filasta da katako da gilashi da ƙarfe, amma katangar ƙasa irin ta maginan Hausa ba ta cikin jerin. A gari irin Amarawa kuwa akan tarar da ginin ƙasa da na bulo mai inci 6 ko inci 9 da rumfar kwano duk a cikin gida ɗaya. Abubuwa uku ne suka fi bukatar lura.

5.1 Kauri da Danshi

Katangar gargajiya ana ɗora ta ne da tubalin ƙasa busasshe, a haɗa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a shafe bayanta. Takan yi kauri daga tushe ta siranta zuwa sama, kuma soron da zai ɗauki rufin azara da ƙasa ya fi ɗakin kwano kaurin bango. Bulon siminti yana da rami a ciki, ita kuwa katangar ƙasa cike take, don haka igiya na tafiya mai tsawo a cikin abu mai shanye ta. Daga siffar katangar ana iya fitar da darasi ɗaya: mashigar da aka rataye sama kusa da rufi tana ratsa wurin da ya fi siranta, wadda aka ajiye a kan tebur kuwa tana fama da wurin da ya fi kauri.

Abin da ya fi kauri tasiri shi ne ruwa. Ruwa na shanye igiyar wannan zango ya mayar da ita zafi, kuma da wannan ɗabi'a ce tandun lantarki mai ɗumama abinci ke aiki a gigahaz 2.45. Jerin P.2040 kansa ya bambanta busasshiyar ƙasa da mai matsakaicin danshi da jiƙaƙƙiya, kuma adadin da ya ba jiƙaƙƙiya ya ninka na busasshiya sau da dama. Ma'anar wannan ga Amarawa a fili take. Katangar da aka auna a watan Afrilu, bayan watanni ba ruwa, za ta ba da wani adadi dabam a watan Agusta, lokacin da tushenta ya tsotsi danshi, kuma hadarin da ke tasowa daga gabas ya daki fuskarta. Ruwan saman da ke zuba a tsakar gida da ƙurar hunturu ba su da wani tasiri mai yawa a ɗan wannan nisa. Ruwan da ya zauna a jikin bango shi ne ke rage hurumi.

5.2 Tsarin Gida

Masana ginin Hausa, irin su J. C. Moughtin a littafinsa na 1985, sun bayyana gidan Bahaushe a matsayin jerin matakai daga waje zuwa ciki: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida inda ɗakuna ke kewaye da tsakar gida. Ba a yin ƙofofin a kan layi ɗaya, domin kada idon wanda ke tsaye a waje ya kai ga iyali. Wannan hikima ta sutura tana aiki a kan igiyar rediyo kamar yadda take aiki a kan ido, domin igiyar ta fi ƙarfi a miƙaƙƙen layi, kuma duk kwanar da ta sha tana rage mata guzuri. Ƙananan tagogin da ake yi saboda zafi su ma suna taƙaita mashigarta.

Amma tsarin yana da nasa alheri. Tsakar gida fili ne buɗaɗɗe, kuma ƙofar kusan kowane ɗaki tana kallonsa. Mashigar da aka kafa a ƙarƙashin rumfa ko baranda mai fuskantar tsakar gida tana isa kowane ɗaki ta katanga ɗaya tak, wani lokaci ma ta ƙofa mai labule ko asabari, wanda kusan ba ya cin komai.

5.3 Ƙarfe, Kaya da Jama'a

Ƙarfe ba ya barin igiya ta ratsa shi, sai dai ya mayar da ita. Rufin kwano ba ya cutar da mashigar da ke ƙarƙashinsa, amma yana raba ta da duk abin da ke samansa, kuma mashigar da aka ɗora a kan rufi ba za ta amfani ɗakin da ke ƙasa ba. Shagon da aka yi da kwano gaba ɗaya ko kwantena, da zarar an rufe ƙofar ƙarfensa, sai ya zama kamar akwati. Tankin ruwa da randa da firji suna jefa inuwa a bayansu. A ɗakin ajiyar ɗan kasuwa, jerin buhunan albasa ko na hatsi da suka kai rufi na iya zama wata katangar da ba ta cikin zane. Jikin ɗan'adam kansa fiye da rabinsa ruwa ne, don haka ajin da aka auna ba kowa zai ba da sakamako dabam idan ɗalibai sun cika shi.

6.0 Misalin Lissafi

A ɗauki gida mai shagon bulo a bakin hanya, da zauren ƙasa a gefensa, da ɗakin ƙasa a can ƙurya, mita 16 daga shagon. Domin lissafi kawai, a ƙaddara katangar bulo na cin desibel 7, ta ƙasa kuwa 15 a rani da 20 a damina. Waɗannan adadi biyu na ƙarshe zato ne na misali wanda awo zai maye gurbinsa.

Idan mashiga na cikin shago, nisan mita 16 zai ci desibel 64, bangon shago 7, katangar ɗakin 15, jimilla 86. Wannan ya zarce guzurin 77 da desibel 9 tun ba a ƙirga wata katanga a tsakani ba, kuma a damina giɓin zai kai 14. Idan mai gida ya sayi na'ura mai ninkin ƙarfi, abin da zai samu desibel 3 ne kacal. Ko da ya samu wadda ta fi haka, akwai wata matsala: sadarwar tafiya da dawowa ce, kuma waya ba ta da ƙarfin mashiga. Sai a ga sandunan sigina sun bayyana a fuskar wayar, amma saƙonta ba ya komawa.

Idan kuwa aka ja waya aka rataye mashigar a barandar tsakar gida, mita 8 daga ɗakin da mita 8 daga shagon, lissafin zai sauya. Zuwa ɗakin, desibel 58 da 15 sun ba da 73, wato cikin guzuri. A damina 78, wato a bakin iyaka, inda buɗaɗɗiyar ƙofa za ta cike giɓin. Zuwa shagon, 58 da 7 sun ba da 65. Na'ura ɗaya ce, kuma ba a ƙara mata ƙarfi ba, amma sauyin wuri ya ceto desibel 13 a hanyar ɗakin, abin da sai an ninka ƙarfin na'ura sau ashirin kafin a samu kwatankwacinsa.

7.0 Awo a Wurin

Auna kason katanga ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Wayar Android da manhajar da ke nuna ƙarfin sigina da dBm sun isa. Ana ajiye mashiga a nisan mita 4 daga mai awo ba tare da komai a tsakani ba, a ɗauki adadi sau goma ana ɗan matsawa hagu da dama, a fitar da matsakaici. Sannan a maimaita a daidai wannan nisa, katanga na tsakani, an rufe ƙofa da taga. Bambancin adadin biyu shi ne kason katangar. Ya kamata a rubuta kaurinta da kayan da aka yi ta da su da fuskar da take kallo da ranar awon, kuma a yi aikin sau biyu, a tsakiyar rani da tsakiyar damina. Adadin damina ne ya dace a gina tsari a kansa.

Bayan an kafa mashiga, sai a zagaya ginin da zanensa a hannu, ana rubuta abin da wayar ta nuna a kowane ɗaki, a lokacin da jama'a da kaya ke ciki. Inda shaguna suka yi layi kowa da rautarsa, sai a lura da tashoshi: a zangon gigahaz 2.4 tashoshi na 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma maƙwabta biyu a tasha ɗaya suna rage wa juna gudu ko da sigina na da ƙarfi. Haka nan rataye na'ura sama ba ya nufin manna ta da kwano, domin yawancin na gida an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali zafin bazara a yankin Sakkwato kan zarce haka ko a inuwa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙiyasin hurumin mashiga ya ƙunshi matakai huɗu: a san guzurin sigina, a ware ajiya, a cire kason nisa, sannan a cire kason kowace katangar da ke kan hanya. Matakai ukun farko iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Na huɗun ne ya dogara da wuri, kuma a nan ne jadawalan da ake da su suka bar giɓi game da ginin ƙasa. Cike wannan giɓi aiki ne da ya shafi masana Hausa kai tsaye, domin mai awo na bukatar sanin bambancin soro da ɗakin kwano, da sunayen sassan gida, da irin ƙasar da maginan kowane yanki ke aiki da ita, kafin adadinsa ya yi ma'ana. Jadawalin da zai jera katangun Amarawa da kaurinsu da kasonsu a rani da damina, a rubuce da Hausa, zai amfani mai kafa na'ura a Illela da Gwadabawa, haka kuma a Birnin Ƙonni, inda salon ginin bai sauya da tsallake iyaka ba.